Gaisuwar Da Na Yanke Daga Wasiƙar Malam Ibro

Da sunan Allah nake farawa, don abin da zan faɗa ba yabon kai ba ne.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina rubuta wa mutane wasiƙa a gindin wani dogon yaro da ke kallon gidan waya, a nan Damagaram. Sunana Lawali. Yanzu ido ya yi rauni, mashin ɗin rubutuna yana ƙarƙashin gado a naɗe cikin tsohon zane. Ku samarin da ke zaune a shagunan kwamfuta na bakin tasha, kuna buga wa mutane dimandin neman aiki da takardun lakwal, wato makarantar boko, na sha jin kuna cewa aikinmu na dā ba wani aiki ba ne, wai a faɗa ne kawai ka buga. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na fara. Wannan ɗaukar ce ta sa na raba wani tsoho da ɗansa, kuma labarin da zan ba ku ke nan.

Karatuna bai yi nisa ba. Aji shida na yi a lakwal, ban ci sartifika ba. Mahaifina ya haɗa ni da wani ƙanensa da ke sayar da kayan mota a Jos, na yi shekara biyar a can ina tsaron shago. A nan na tsinci Ingilishi, rabi a bakin direbobi, rabi a wani ajin yamma da ake yi wa manya. Da na dawo gida ba ni da sana'a, sai aka kai ni wurin Malam Girema.

Malam Girema Babarbare ne, gidansu na cikin Birni. Ya yi aikin kai takardu a ofishin gwamnati tun yana saurayi, da ya bari ya sayi tsohon mashin ya kafa tebur. Yana rubuta Faransanci, yana rubuta Hausa da boko da ajami, amma ba ya jin Ingilishi, shi ya sa ya karɓe ni. Wata huɗu bai bar ni na taɓa mashin ba. Aikina shi ne goge haruffa da tsohon buroshi da kananzir, da sakace dattin da ke toshe cikinsu da allura, da jiƙa ƙaro a gwangwani don liƙe ambulan, da ɗora dutse a kan takardu kada iska ta kwashe. In na yi gunaguni sai ya ce, "Zauna ka ji, Lawali. Yatsa kowa na da shi. Kunne ne sana'ar."

Aikin farko da ya tsaya mini a rai na wani manomi ne daga Tirmini. Ya zo a ƙafa ranar Alhamis, ranar kasuwar Dole, yana son a rubuta wa ɗansa da ke aikin soja. Ya fara da ruwan sama, ranar da aka yi na shuka, da yadda ya ɗauke kwana goma sha biyu ya dawo. Ya bi gonaki ɗaya ɗaya. Ya faɗi jakin da ya mutu, da rijiyar da ta rufta, da maƙwabcin da ya yi aure. Shafi ya kusa cika bai zo kan abin da ya kawo shi ba. Sai can ƙarshe ya ce in yaron ya samu hutu ya leƙo, uwarsa na tambaya. Malam Girema ya buga duka, bai bar ko jakin ba. Da mutumin ya tafi na ce, "Malam, ai layi uku ya isa wannan." Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Wanda ya tako daga Tirmini bai zo don ka gyara masa magana ba. Ka san dalilin jakin? Ni ban sani ba. Ɗansa ya sani."

Abu guda ne ba ya sassauci a kansa, wato maimaici. In ka gama bugawa dole ka karanta wa mai wasiƙa abin da ka buga, daga farko har ƙarshe, kafin a naɗe. In da wani harshe ka rubuta, ka mayar masa da shi Hausa layi layi. Yakan ce, "Abin da ke takarda za ka karanta, ba abin da ke kanka ba. Mutumin nan ba ya karatu. Idonsa kai ne." Duk wanda ya koyi aiki a wurinsa ya san wannan, ni ma na san shi sarai.

Da ƙarfinsa ya ragu sai ya koma gida ya bar mini teburin da mashin. Wasiƙun Ingilishi suka zama abincina, don Damagaram gari ne na fatake. Masu fata da masu goro da masu shanu duk suna da mutane a Kano, da Ikko, da Kumasi, kuma akwai takardun da ba sa tafiya sai da Ingilishi. A gindin bishiyar nan ni kaɗai ke iya su. Kai ya fara kumbura.

A wata tafiya da na yi Kano na sayi wani ɗan littafi a bakin hanya, na koyon rubuta wasiƙa da Ingilishi. Bangonsa ma ya yage. A cikinsa na haɗu da kalmar "unnecessary", wato abin da ba a buƙata, abin da ba wanda ya nema. Mai littafin ya ce wasiƙa mai kyau ba ta ɗaukar irin waɗannan kalmomi, a shiga magana kai tsaye, a fita. Kalmar ta yi mini daɗi a baki. Na sayi kaye, wato littafin rubutu, na musamman ina jera ta cikin jimloli don hannu ya saba. Na rubuta cewa wannan tafiya ba a buƙatarta, wannan hayaniya ba a buƙatarta, fushinka ba a buƙatarsa, duk da Ingilishi, na cika shafi shida. Daga kaye ta koma bakina. Mai shayin da ke kusa da teburina in ya cika mini sukari sai in ce, "It is unnecessary." Har ya sa mini suna. Da safe in na iso sai ya ɗaga ludayi ya ce, "Ga Malam Anasasari nan! A zuba madara ko ita ma anasasari ce?" Mutane su yi dariya, ni kuwa ina jin daɗi, don a ganina sunan ilimi ne.

Sannu a hankali na fara aske wasiƙun mutane. In da Hausa ne ko Faransanci ina tsoro, don ana iya samun ɗan lakwal ya duba. In da Ingilishi ne ba mai duba ni. Na fi yanke gaisuwa. Kun san mutanenmu, sai a gaida mutum ashirin kowa da sunansa kafin a rufe wasiƙa. Ni kuwa sai in dunƙule su a layi ɗaya in ce a gaida kowa da kowa. Takarda ta fito fes, gajera, kamar ta littafi. Na yi haka ya fi a ƙirga, ba abin da ya biyo baya, ko kuwa ya biyo ban ji ba.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, gonaki suka bushe a tsaye. Daga Guna, daga Dakusa, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, mutane suka yi ta kwararowa a rubuta wa ƴan'uwansu na nesa. Kafin hantsi benci ya cika, wasu na tsugune a rana. Kaya kuma suka yi wuya. Ruban mashin, wato zaren nan mai tawada, ya ɓace a kasuwa, sai da na koma shafa wa tsohon tawadar hatimi da ɗigon mai, in shanya shi, in mayar. Takarda ina raba ta biyu. Karbon ɗaya ina amfani da shi har ya zama kamar rariya. A shekarar ce kuma wani mushe, wato malamin lakwal, da ya yi ritaya daga koyarwa ya kafa tebur a tsallaken titi, kuma an ce shi ma yana taɓa Ingilishi. Ban faɗi waɗannan don su wanke ni ba. Na faɗe su ne don ku san inda hankalina yake ranar da Malam Ibro ya zo.

Malam Ibro baduku ne a Birni, dattijo mai kusan shekara saba'in, wanda ya yi suna a ɗinkin jaka da kube. Babban ɗansa, Sanusi, ya bi fataucin goro zuwa Kumasi ya zauna can. Ya auri wata ƴar ƙasar mai suna Akosuwa ba da yardar uban ba. Da labari ya iso, Malam Ibro ya rantse a zaurensa, a gaban mutane, cewa ba za a ambaci sunan matar nan a gidansa ba. In dole ta kama sai ya ce "waccan". Sanusi kuma ya aiko cewa gidan da ba a kiran sunan matarsa ba zai taka shi ba. Shekara tara ke nan a lokacin, har sun haifi ƴaƴa uku, kakansu bai ga ko ɗaya ba. Duk Birni an san wannan labari. Ni ma na sani.

Uban da ɗan suna musayar wasiƙa sau ɗaya ko biyu a shekara, da ajami, wani malami a zangon Kumasi yana karanta wa Sanusi, don shi bai yi karatu ba. Ranar nan kuwa, da layi ya zo kansa, tsohon ya zauna a bakin benci ya ajiye sandarsa ya ce, "Malam Lawali, yau da Turancin Ingila nake so."

Na ce, "Baba, ba ajami ba?"

Ya ce, "Na ce da na Ingila."

Ban tambayi dalili ba. Da na tsaya na yi tunani kaɗan da na gano, don a gidan Sanusi mutum ɗaya ne ya yi makaranta, ita ce matar, kuma Ingilishi take karantawa. Tsohon yana so wasiƙar ta bi ta hannunta ne, ta fito ta bakinta. Ni kuwa abin da na gani shi ne ga wata dama ta nuna gwaninta a gaban layi.

Na ɗauko kaye ina kama maganarsa da alƙalamin bik kafin in buga. Bai kira sunan Sanusi ba, don ɗan fari ne, sai dai "yaron nan". Ya ce a gaya wa yaron nan damina ba ta yi kyau ba, amma an gode Allah. Ya ce idonsa ya fara gajiya da zare, yanzu sai yanka yake yi, ƙannen ke ɗinki. Ya ce katangar gabas ta tsage. Sannan ya shiga gaisuwa. A gaida sarkin zango. A gaida limami. A gaida Alhaji mai masauki da iyalinsa. A gaida wane ɗan Mirya, da wane mai awon goro. Yana cikin jerowa sai ya kau da kai ya dubi titi, ya rage murya, ya ce, "A gaida Akosuwa da yara." Bai tsaya ba, ya wuce zuwa wani mai wanki da wani direba, ya rufe da addu'a. Mutum goma sha huɗu na ƙirga.

Na ji sunan. Ba zan ce ban ji ba, don na rubuta shi a kaye da hannuna. Amma jimla nake saurare, ba mutum ba. Na dubi rabin takardar da ke cikin mashin, na dubi mutanen da ke jira a rana, na ce a raina duk wannan ba a buƙatarsa. Na buga damina, da ido, da katanga. Gaisuwar kuwa na yi mata yadda na saba, layi ɗaya, a gaida kowa da kowa.

Ya ce, "Maimaita mini."

A nan ne babban laifin yake. Na riƙe takardar a gabana kamar ita nake karantawa, amma idona na kan kaye. Na jero masa mutum goma sha huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan sunan matar sai ya ɗan gyaɗa kai, bai dube ni ba. Ya ce, "To, madalla. Allah ya yi albarka." Ya karɓi bik ya sa sunansa da ajami a ƙasa. Na liƙe, na manna tambur, wato kan sarki, na jefa kwafin karbon a akwatina, na ce, "Na gaba."

Amsoshin mutanen da ba su da akwatin gidan waya ta nawa suke zuwa. Tun daga mako na uku Malam Ibro ya fara zuwa duk Alhamis. Ba ya tambaya kai tsaye. Sai ya gaishe ni, ya gaida mai shayi, ya tsaya kaɗan ya ce, "Hanyar kudu shiru ko?" In ce shiru, Baba. Mai shayin, da yake ba ya iya riƙe bakinsa, wata rana ya ce, "Baba, ko budurwa ka rubuta wa ne? Wannan sintiri ya yi yawa." Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Kai dai dama shayinka, ɗan nema." Na ji daga baya cewa a makonnin nan ya sa an gyara ɗakin da ke kusa da zaure, an yi masa sabon daɓe, ya kuma yanka ƙananan takalma ƙafa uku bai gaya wa kowa na wane ne ba.

Bayan wata biyu amsa ta zo. Da Ingilishi take, da rubutun hannu mai kyau, irin na wanda ya zauna a aji. Na buɗe a gabansa ina mayar masa da ita Hausa. Sanusi na gaida mahaifinsa. Ya ji labarin damina, Allah ya kawo sauƙi, ya ba wani direba saƙon hatsi. A gyara katanga kafin ruwa. Bana ba zai samu zuwa ba. A can ƙasa kuma, an ɗan ware shi, akwai layi ɗaya: wadda ta rubuta wannan takarda tana gaishe ka. Ba suna.

Malam Ibro ya dubi takardar. Can ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

"Duba bayanta."

Na juya. Ba komai.

Ya ɗauki sandarsa ya dafa, amma bai tashi ba. Ya ce, kamar da kansa yake, "Na karya rantsuwata, na yi azumin kaffara kwana uku. Na gaishe ta da sunanta, ta karanta da bakinta. To, me ya rage? In tafi Kumasi in durƙusa?" Ya miƙe ya ce, "Na yi nawa. Allah ya gani."

A lokacin na gane abin da na yanke. Kwafin karbon yana cikin akwati a ƙarƙashin ƙafata. Abin da ya kamata shi ne in ce, Baba, zauna, sunan bai tafi ba. Amma benci cike yake, mai shayi na saurare, mushen tsallaken titi na zaune a teburinsa. In aka ji cewa Lawali na karanta wa mutane abin da bai rubuta ba, wa zai sake zama a gabana? Na bar tsohon ya tafi. Na ce gobe zan bi shi gida in faɗa masa a keɓe.

Goben nan ta ɗauki wata biyar. Laifin farko sakaci ne, wannan kuwa da sanina na yi shi, kullum ina sabunta shi. Malam Ibro ya daina zuwa ranar Alhamis. In na hango shi a masallacin Juma'a sai in canja sahu. Na daina yanke gaisuwar kowa, na daina faɗin kalmar nan, har mai shayi ya ce, "Malam Anasasari, an yi maka asiri ne?" Na ɗauka gyaran da na yi a sauran wasiƙu zai biya, alhali wanda na cuta yana nan bai sani ba.

Da sanyi ya shigo na ji an ce tsohon ya kwanta. Na rasa inda zan sa kaina, sai na tafi wurin Malam Girema. Na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi, ido ya kusa rufewa. Na faɗa masa komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Da ka maimaita masa, takarda ka karanta?"

Na ce, "Kaye na karanta."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Mashin ɗina ka yi wannan da shi." Ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Ni ba ni ka yi wa ba, kada ka tsaya nan kana sunkuyar mini da kai. Tashi. In ka biya ta gidanka ma ban yafe ba."

Na wuce teburina na ɗauki mashin a ka, da cikakkiyar takarda, da kwafin karbon, na shiga Birni. An shigar da ni ɗakin Malam Ibro. Yana kwance a kan tabarma an jingina shi da matashi, ya rame, ɗakin na warin jima da magani. Ƙannen Sanusi biyu na zaune. Na so in ce su ba mu wuri, sai na ga in na fara neman sutura ba zan faɗa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo da laifi. Wasiƙar da ka sa na rubuta, sunan matar Sanusi bai shiga ba. Ni na cire, tare da duk gaisuwar. Da na maimaita maka, ƙarya na karanta."

Ɗaya daga cikin ƙannen ya zabura, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni ya ce, "Ba ta gani ba?"

"Ba ta gani ba, Baba."

"Yaron nan bai ji ba?"

"Bai ji ba."

Ya rufe ido. Na ɗauka zagi zai biyo, kuma da ya zo da na karɓa. Sai ya ce, "Ashe ba su ƙi ni ba." Ya sake faɗa. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Me ya sa ka cire?"

Na ce, "Na ɗauka ba a buƙata."

Ya ce, "Kai ka ɗauka." Ya dubi mashin ɗin. Ya ce, "Ka zo da abin naka? To, sa takarda."

Wannan karon bai ɓoye sunan a tsakiyar jeri ba, da shi ya fara. Ya ce, "Rubuta: Akosuwa, ina gaishe ki. Ke ce ke karantawa, na sani. Ki gaya wa mijinki ya kawo ki, ya kawo yara, ɗaki na nan an gyara." Ya sa na rubuta cewa ya gaishe ta tun wancan karo, mai rubutu ne ya cire. Na buga wannan ma da yatsuna. Sannan ya bi sarkin zango da limami da sauran, bai manta ko mai wanki ba. Na maimaita masa daga takarda, ina ɗora yatsa a kan kowane layi, na sa ƙaramin ɗansa da ya yi lakwal ya duba cewa sunan na nan, ko da ba ya jin sauran. Ba mu bi ta gidan waya ba. Na kai ta tasha da kaina na damƙa wa wani direban goro da zai bi ta Maraɗi ya gangara kudu, na roƙe shi don Allah ya sa ta a hannun matar.

Hanyar Kumasi a lokacin ba ta kwana biyu ba ce. Wasiƙar ta yi kwana goma sha ɗaya a hanya. Su kuma suka sayar da abin da za su sayar, suka ɗauko yara, suka taso. Malam Ibro ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Suka iso ranar Asabar.

Na je gaisuwa ranar addu'ar bakwai. Zaure cike da mutane, Sanusi na zaune a tsakiya, mutum mai jiki, furfura ta fara fito masa, kamarsu ɗaya da uban. An riga an gaya masa ko ni wane ne. Na yi masa ta'aziyya ya amsa kamar yadda ya amsa wa kowa. Da jama'a suka ragu sai aka ce ana kirana daga ciki. A bakin ƙofar tsakar gida na ga wata mace doguwa da lulluɓi, yara uku na riƙe da zanenta, ƙafafunsu sanye da sababbin takalman fata da suka yi musu kaɗan. Tana riƙe da wasiƙu biyu. Hausarta irin ta zango ce, amma ana ganewa.

Ta ce, "Kai ne mai rubutu?"

Na ce ni ne.

Ta ɗaga ta farkon ta ce, "Wannan, sau uku na karanta wa maigida. Ya ce in duba da kyau. Na ce babu." Ta ɗaga ta biyun. "Wannan kuma, shi ya faɗa, ko kai ka ƙara don ka gyara laifinka?"

Tambayar ta dace, don wanda ya rage zai iya ƙarawa. Na ce, "Shi ya faɗa. Ƴaƴansa biyu na wurin, ki tambaye su."

Ta ce, "Na tambaya. Ina so in ji daga gare ka. Da bakinsa ya kira sunana?"

Na ce, "Da bakinsa. A ta farko a hankali ya faɗa, yana kallon titi. A ta biyu da shi ya fara."

Ta ce, "To." Ta naɗe takardun ta koma ciki da yaran.

Sun yi kwana arba'in a ɗakin da aka gyara musu. Ranar da za su koma na bi su tasha. Na samu Sanusi yana tsaye ana ɗaura kaya a saman mota, na ce masa ina neman gafara. Ya daɗe yana kallon masu ɗaurin. Sannan ya ce, "Malam, da ranar da amsarmu ta zo ka buɗe baki, da na same shi a zaune yana yanka fata. Wata biyar ka riƙe." Na ce haka ne. Ya ce, "Ni ma da laifina. Shekara tara, ba takarda ce ta ɗaure mini ƙafa ba. Amma kada ka tambaye ni yau."

Ban sake tambayarsa ba, shi kuma bai sake zuwa Damagaram ba. Shekaru bayan haka wani direba ya gaya mini ya rasu a can Kumasi.